Kanzon Ruwa: Yadda Ya Ke Tsiro, Da Yadda A Ke Tsare Shi

Zuwa ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne saboda wata ƙara da ta kan zo gaban Hakimai, musamman a gundumomin da ke da dutsen farar ƙasa. Za a haƙa rijiyar burtsatse, a kafa tanki, a ja bututu zuwa cikin gari, jama'a su yi murna. Bayan 'yan shekaru sai ruwan famfo ya soma ragewa, tulun da a da ya kan cika nan da nan sai an daɗe ana jiransa. Daga nan zargi ya tashi. Waɗansu su ce rijiya ta ƙafe, waɗansu su ce mai gadi ne ke karkatar da ruwan, waɗansu kuma su ce wanda ya yi aikin ya ci amana.

Sau da yawa kuwa, in an yanke bututun an duba, sai a tarar wani farin abu mai tauri ya manne a cikinsa, ya ƙuntata hanyar ruwa. Shi ne za mu kira kanzon ruwa, gama ya yi kama da kanzon da ke maƙalewa a gindin tukunya. Nufinmu shi ne Hakimai da malamansu su san ko mene ne shi, da yadda ya ke tsiro, da kuma yadda masana suka gano cewa ɗan abu kaɗan, wanda bai kai cikin cokali ba, ya isa ya hana shi kama bututu, muddin an sa shi daidai gwargwado, kuma a kan kari.

MENE NE KANZON RUWA?

Masana suna kiransa kalsiyam kabonet. An haɗa shi da abubuwa uku, watau kalsiyam da kabon da oksijin, bisa ƙa'ida guda wadda ba ta sākewa: ƙwayar zarra ɗaya ta kalsiyam, ɗaya ta kabon, uku na oksijin. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne ɓawon ƙwai, shi ne ɓawon katantanwa, shi ne wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Shi ne kuma dutsen farar ƙasa da a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda aka kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a 1967. Akwai irinsa a Ashaka ta ƙasar Gombe, da Malbaza ta Jamhuriyar Nijar. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa dutsen Kalambaina ya kwanta ne kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, sa'ad da teku ta rufe wannan yanki. Har yanzu a kan tsinci ɓawon halittun teku a cikinsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane shi. A kankaro kaɗan, a ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa yana tsuwa, to, shi ne. Yashi ba ya yin haka, tsatsa ma ba ta yi.

YADDA DUTSE KE SHIGA RUWA, YA KUMA FITA

A tsabtataccen ruwa wannan dutse ba ya narkewa sai kaɗan ƙwarai, kimanin miligiram 13 a lita ɗaya. Amma ruwan sama, sa'ad da ya ke sauka yana ratsa ƙasa, ya kan kwashi iskar kabon, irin wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, wadda kuma saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa cikin ƙasa. Wannan iska ta kan ba ruwan ɗan tsami, tsamin kuwa shi ke cin dutsen sannu a hankali. Saboda haka ruwan da ya daɗe cikin farar ƙasa ya kan fito da dutse narkakke a cikinsa, ga shi garau, ido ba ya ganin kome. Mata ne su kan fara gane irin wannan ruwa, don sabulu ba ya kumfa da shi sosai.

To, abin da ya riƙe dutsen cikin ruwa shi ne iskar nan. Da zarar ta fita, dutsen ya komo. Abu biyu ke fitar da ita. Na ɗaya zafi: shi ya sa butar shayi ta kan yi fari a ciki. Sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi, amma wannan dutse akasin haka ya ke, in ruwa ya yi zafi sai ya fita daga cikinsa. Na biyu saukar matsi: ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa a matse ya ke, in famfo ya jawo shi sama ya zuba a tanki sai iskar ta sami hanyar tserewa.

Wannan matsala tsohuwa ce. Rumawa sun gina magudanar ruwa zuwa birnin Nimes a kudancin Faransa cikin ƙarni na farko na Miladiyya, kuma kanzon da ya taru a bangonta ya kusa rabin mita a waɗansu wurare. Malamai su lura da lissafi ɗaya: in kanzo ya rage faɗin bakin bututu da rabi, sararin da ruwa ke bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Shi ya sa ɓarnar ta kan fi yadda ido ke gani.

YADDA ƘWAYA KE TSIRO

In an duba kanzon da madubin likita, watau madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, za a ga tarin ƙwayoyi ne masu kusurwa da fuskoki sumul, kamar ƙwayar sukari ko ta gishiri. Turawa suna ce wa irin wannan ƙwaya kiristal. Dalilin wannan siffa shi ne ƙwayoyin zarra a cikinta suna jere ne sahu sahu, kamar tubalan da magini ya jera.

Tsirowarta mataki biyu ne. Da farko sai an sami iri, watau 'yan ƙwayoyin zarra su haɗu su yi ɗan dunƙule wanda ya isa ya tsaya bai wargaje ba. Wannan mataki shi ne mai wuya, kuma ƙura, ko kaushin jikin bututu, ko tsohon kanzo su kan sauƙaƙa shi. Sa'an nan sai girma. Sababbin ƙwayoyin zarra ba su sauka ko'ina a fuskar ƙwayar, su kan nemi bakin sahun da ba a gama ba su zauna nan, kamar yadda magini ke ɗora tubali a gefen wanda ya ajiye. Sahu ya yi ta tafiya har ya rufe fuska, wani sahu ya tashi a bisansa. A riƙe wannan magana ta bakin sahu, gama a kanta dukan asirin ya rataya.

Har wa yau, tubali iri ɗaya ana iya jera shi hanya uku, ko wace da sunanta. Ta farko kalsait, mai siffar akwatin da aka ɗan tura gefe ya karkace. Ita ce mafi dawwama, ita ce kuma a ɓawon ƙwai da yawancin farar ƙasa. Ta biyu aragonait, mai kama da allurai, wadda ta sami sunanta daga wani gari a ƙasar Sifen. Ita ce a wuri da lu'ulu'u. Ta uku baterait, wadda aka sa wa sunan wani masanin duwatsu Bajamushe, Heinrich Vater. Ita ta kan fito a dunƙule kamar ƙwayar gero, ba ta da ƙarko, in an bar ta cikin ruwa sai ta narke ta koma kalsait. Banda waɗannan uku akwai wani hali na farko, inda tubalan ke zube ba a jera su ba tukuna, kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Za mu kira shi ɗanyen kanzo. Ya kan fito da sauri in ruwa ya cika da dutse ƙwarai, ba ya kuwa daɗewa.

DARASI DAGA ƘWAI DA LU'ULU'U

Kaza ta kan gina ɓawon ƙwai cikin kimanin sa'a 20, ba wuta, ba matsi, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon kalsait ne. Akwai kuma halittun ruwa masu ɓawo biyu, waɗanda lu'ulu'u ke fitowa daga irinsu. Shimfiɗar nan mai ƙyalli da ke cikin ɓawonsu aragonait ce, ita ma kusan kashi 95 cikin 100, amma ta fi aragonait na dutse wuyar karyewa sau dubu ko fiye. Ashe ɗan ragowar nan, kashi 5 ko ƙasa da haka, shi ke riƙe da linzami.

Wannan ragowa yawancinta furotin ne, irin abin da ke gina tsoka da gashi. A 1981 wani masani a Amurka, A. P. Wheeler, da abokan aikinsa suka nuna cewa furotin da aka ciro daga ɓawon irin waɗannan halittu yana hana kalsiyam kabonet tsirowa cikin ruwa. A 1985 Lia Addadi da Stephen Weiner na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka nuna cewa irin wannan furotin ya kan zaɓi waɗansu fuskokin ƙwaya ya manne musu, ya bar waɗansu. A 1996 kuma aka tabbatar cewa furotin da aka ciro daga shimfiɗar aragonait ya kan sa aragonait ta tsiro, wanda aka ciro daga shimfiɗar kalsait ya sa kalsait. Watau Allah ya hore wa waɗannan halittu abin da ke gaya wa dutse inda zai tsiro, da siffar da zai ɗauka, da inda zai tsaya.

MENE NE FOLIMA?

Furotin ɗaya ne daga cikin dangin abubuwan da masana ke kira folima. Ma'anarta abu mai tsawo wanda aka ƙulla da ƙananan gaɓoɓi masu maimaituwa, kamar carbi. Zaren auduga folima ne, sitacin rogo folima ne, leda da roba ma haka.

Malamai sun fi kowa sanin ɗaya daga cikinsu, watau ƙaro. Duk wanda ya taɓa haɗa tawada ya san in an dama baƙin tukunya da ruwa zalla, ba a jimawa sai baƙin ya dunƙule ya kwanta. In an sa ƙaro kuwa, sai tawada ta tsaya sumul, ta bi alƙalami. Abin da ke faruwa shi ne ƙaron ya kan naɗe ko wace ƙwayar baƙi, ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da za mu faɗa.

Folimomin da a ke yaƙar kanzo da su suna da wata sifa. A jikin gaɓoɓinsu akwai abin da za mu kira hannu, wanda ke jawo kalsiyam kamar yadda mayen ƙarfe ke jawo allura. Hannu ɗaya ba shi da ƙarfi, ya kan kama ya saki. Amma sarƙa mai hannu hamsin, in goma sun saki, arba'in suna riƙe. Saboda haka in ta sauka a kan ƙwaya ba ta tashi da sauƙi. Uku daga cikinsu sun fi shahara a wannan bincike: foli-akirilet, da foli-asfatet, da wata da a ke taƙaita sunanta da haruffa PSS.

ALLON MAGUDANAI

Wahalar da masana suka daɗe suna sha ita ce, in an zuba ruwan kalsiyam da ruwan kabonet a kwalba, nan take sai ruwan ya yi fari. Dubban dubban ƙwayoyi sun riga sun tsiro, ko wace a lokacinta, waɗansu a jikin kwalba, waɗansu a kan ƙura. Mai bincike ya ga ƙarshen al'amari, farkonsa ya wuce shi. Ya zama kamar alƙalin da aka kira bayan an watse daga faɗa.

Maganin wannan ya zo ne daga wata dabara da za mu kira allon magudanai. Wani ɗan allo ne na gilashi ko na roba mai haske, wanda bai fi tafin hannu ba, an sassaƙa masa hanyoyin ruwa masu kaurin gashin kai ko ƙasa da haka. Ma'aunin da a ke auna su da shi sunansa maikiromita, watau milimita ɗaya a raba ta 1,000. Gashin mutum ya kan kai maikiromita 50 zuwa 100. Andreas Manz ya ba da shawarar tattara aikin ɗakin gwaji a kan irin wannan allo a 1990, a ƙasar Suwizalan. A 1998 kuma George Whitesides da mutanensa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna hanyar zuba shi da roba a kan zubi cikin sauƙi da araha, daga nan ya bazu ko'ina.

Amfaninsa uku ne. Na farko, ruwa a siririyar hanya ba ya hautsinewa. Tun 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Manchesta ta Ingila cewa ruwan da ke tafiya a hankali cikin siririn bututu ya kan bi layi. Wanda ya taɓa tsayawa a Lakwaja ya ga Kwara da Binuwai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko wanne da launinsa, zai gane kwatancin. A allon, ruwan kalsiyam ya bi dama, ruwan kabonet, wanda ɗan'uwan kanwa ne, ya bi hagu, ba su haɗuwa sai a kan iyaka. Mai bincike ya san daidai inda ƙwaya za ta tsiro, sai ya kafa madubinsa nan ya jira.

Na biyu, ana iya yanka ruwan ɗigo ɗigo cikin mai, ko wane ɗigo ya zama tukunyar kansa. Ɗigon da ke faɗowa daga bakin buta, in an raba shi 50,000, kashi ɗaya shi a ke kira nanolita, kuma ɗigon allo ya kan kai wannan ƙanƙanta. Ta haka a kan yi gwaji dubu a sa'a ɗaya, ko wanne daidai da ɗan'uwansa, a ƙidaya nawa suka tsiro, nawa ba su tsiro ba.

Na uku, a ƙaramin wuri al'amari ya kan yi jinkiri. Yawancin ɗigon ba su da ƙurar da za ta zama iri, saboda haka ɗanyen kanzon da ke ɓacewa da sauri a kwalba ya kan daɗe a nan har a ƙare masa kallo. Ana kuma iya buɗe wata hanya a shigo da folima a lokacin da a ke so, kafin iri ya tsiro ko bayan ya tsiro.

ABIN DA AKA GANO

In an haɗa abin da aka koya a kwalba da wanda aka gani a allo, aikin folima ya kasu kashi biyar.

Na ɗaya, tana jinkirta iri. Ta kan kama 'yan dunƙulen farko tun ba su isa tsayawa ba, ta tsare su. Ruwa ya cika da dutse, amma ya rasa inda zai fara ajiye shi. Ga mai bututu wannan jinkiri shi ne riba, gama in ruwan ya kai tulu kafin iri ya tsiro, bututu ya tsira.

Na biyu, tana tsai da sahu. Mun ce girma a bakin sahu ya ke. Folima ta kan sauka nan ta zama kamar turke a tsakiyar gona. Sahu in ya iso sai ya tanƙwara ya bi tsakanin turaku, in kuwa turakun sun yi kusa da juna sai ya tsaya cik. Wannan bayani N. Cabrera da D. A. Vermilyea ne suka kawo shi a 1958. Shi ne dalilin da ya sa ɗan kaɗan ya ke isa: ba a bukatar rufe dukan ƙwayar, bakin sahu kawai za a tsare, shi kuwa ɗan yanki ne ƙanƙane na fuskarta.

Na uku, tana sāke siffa. Tun da ta fi son waɗansu fuskoki, waɗannan su kan tsaya, sauran su ci gaba. Maimakon akwati mai kaifin kusurwa sai a sami ƙwaya mai zagaye, ko doguwa, ko mai kaushi. Irin waɗannan ba su sarƙewa da juna su yi bango mai tauri.

Na huɗu, tana riƙe halin da ba shi da ƙarko. Ta kan tsare ɗanyen kanzo ko baterait, ta hana su komawa kalsait da wuri. A shekarar 2000 Laurie Gower da Damian Odom a Amurka suka ba da labarin cewa da ɗan foli-asfatet, kalsiyam kabonet ya kan fara fitowa ne kamar ɗigon ruwa mai kauri, wanda zai malale ya cika rami ko ya shimfiɗu kamar fata, sa'an nan ya daskare ya zama dutse da siffar wurin da ya shiga.

Na biyar, tana raba ƙwayoyi, daidai da aikin ƙaro a tawada. Waɗanda suka riga suka tsiro ba su mannewa, sai ruwa ya tafi da su.

Akwai kuma wani abu da allon ya bayyana wanda kwalba ta ɓoye. A Jami'ar Leeds ta Ingila, Farfesa Fiona Meldrum da mutanenta sun ƙera wani allo mai jerin ƙananan ɗakuna, suka sa masa suna masauƙin ƙwayoyi, suka ba da labarinsa a 2015. A 2017 suka bayyana abin da suka gani a cikinsa. Ɗanyen kanzo ne ya fara fitowa, sa'an nan kalsait. Abin mamaki kuwa, ko da PSS tana cikin ruwan tun farko, ƙwayoyin kalsait na fari sun fito da cikakkiyar siffarsu ta akwati, kamar ba a sa kome ba. Sai da suka kai maikiromita 1 zuwa 2 sa'an nan alamar folima ta bayyana a siffarsu. Darasin shi ne, ko wane aiki daga cikin biyar ɗin nan yana da lokacinsa. Ba a tambayar nawa aka sa kaɗai, sai an tambayi yaushe aka sa, da kuma halin da ƙwayar ke ciki a lokacin.

DAGA ALLO ZUWA BUTUTU

Injiniyoyi sun riga masu bincike amfani da wannan asiri. A 1939 G. B. Hatch da Owen Rice suka bayyana a Amurka cewa wani gishirin fosfet mai sarƙa yana hana kanzo ko da an sa kashi kaɗan cikin miliyan. Domin a gane ƙanƙantar wannan, giram ɗaya a cikin duro mai lita 200 shi ne kashi 5 cikin miliyan. Wannan bai isa ya cire dutsen daga ruwa ba, dutsen yana nan, an dai hana shi gini ne. A yau masana'antun da ke tace ruwa ta matsa shi cikin siririyar fata, har da masu tace ruwan teku, da tashoshin lantarki, da rijiyoyin man fetur, duk suna sa irin wannan magani.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Tsawon sarƙa yana da muhimmanci: gajeriyar foli-akirilet tana raba ƙwayoyi, doguwa ƙwarai kuwa ta kan kama wannan ta kama waccan ta ɗaure su wuri ɗaya, watau akasin abin da a ke nema. Yawa ma yana da iyaka: in an zuba fiye da kima, folimar da kanta ta kan haɗu da kalsiyam ta yi dauɗa mai yauƙi. Gishirin fosfet ya kan lalace a ruwan zafi, in ya gangara tafki kuma ya zama taki ga gansakuka. Foli-akirilet ba ta ruɓewa da sauƙi a ƙasa. Saboda wannan aka koma ga darasin ɓawon halittu, aka ƙera foli-asfatet wadda ke ruɓewa, har wani kamfani mai suna Donlar ya sami lambar yabo ta shugaban Amurka a kanta a 1996.

ABIN DA A KE SO HAKIMAI DA MALAMAI SU YI

1. Kafin a ja bututu daga sabuwar rijiya, a nemi a auna ruwan, a ajiye takardar awon a ofishin Hakimi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da farar ƙasarsa ta wuce kimanin miligiram 200 a lita yana iya yin kanzo. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta sa iyaka a miligiram 150.

2. Malami ya buɗe littafi domin ko wane famfo. Sau ɗaya a wata, a sa'a guda, a auna minti nawa bokiti ɗaya ke ɗauka kafin ya cika, a rubuta. Raguwar da ke zuwa a hankali, rani da damina, alamar toshewa ce. Wadda ke zuwa da bazara ta tafi da damina, alamar saukar ruwan ƙasa ce.

3. In ƙara ta zo, kada a yanke wa kowa laifi sai an buɗe bututu an gani. A gwada abin da aka samu da lemun tsami. Fari mai kumfa kanzo ne. Ja ko ruwan ƙasa wanda ba ya kumfa, ƙarfe ne ko yashi, maganinsu kuma dabam ne.

4. A hana kowa zuba magani a rijiya ko tanki da ra'ayin kansa, ko ƙaro ne, ko kanwa, ko wani gari da ɗan kasuwa ya kawo. Kanwa ma daɗa kanzo za ta yi. Maganin da a ke sa wa injin masana'anta ba lalle ne ya dace da ruwan sha ba. Sai wanda hukuma ta amince da shi, a hannun injiniya, da ma'auni.

5. A gane cewa folima rigakafi ce. Ba ta narkar da kanzon da ya riga ya yi tauri. Wannan sai an kankare, ko injiniya ya wanke shi da ruwan tsami na musamman, ko a sāke bututun. Tsohon kanzo kuwa iri ne ga sabo, saboda haka in za a wanke a wanke sarai.

6. A kwantar wa jama'a hankali. Farin da ke cikin buta ba guba ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa shi cikin abubuwan da ke cutar da mai sha ba. Mata za su iya tafasa ruwan lemun tsami ko na tsamiya a butar, su bari ya huce, su ɗauraye.

KAMMALAWA

Rijiya da tanki da bututu dukiyar jama'a ce, an kuwa kashe kuɗi mai yawa a kansu. Abin da ke cinye su a ƙasashen farar ƙasa yana farawa ne daga ƙwayar da ido ba ya gani, a ranar da aka buɗe famfo. Masu bincike sun bi ta har inda ta ke tsirowa, sun tarar tun tana ƙarama a ke iya juya ta, kamar yadda Hausawa ke cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Hakimi ba shi da madubin likita, amma yana da takardar awo, da littafin malami, da ikon hana zuba abin da ba a sani ba cikin ruwan jama'a.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani, da kuma waɗanda aka ɗora wa kula da famfuna. Wanda ya ga alamar kanzo a gundumarsa ya rubuta wa hukumar ruwa ta jiharsa da wuri, ya haɗa da awon da ke cikin littafinsa, tun ruwa bai tsaya ba.